Ciwon Kunnen Yaro Ana Shirin Tafiya

Idan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai tafiye-tafiye su tashi. Wannan za ta biki Wacha, wancan zai kai iyali gaida iyaye Bande ko Sasumburum. Wasu sai sun ƙetare iyaka, su bi ta Tinkim su wuce Kano, ko daga Dungas su nufi Maigatari. Haka kuma ake yi lokacin Salla da lokacin hutun ƴan lakwal.

To, bayan kaka kuwa hunturu ke shigowa da sanyi da ƙura. Yara su yi ta mura da tari. Daga mura sai ciwon kunne. Sau da yawa an sa ranar tafiya, an yi ɗinki, an biya kuɗin mota, sai yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne. A tafi ko a fasa? Abin da darasinmu na yau zai duba ke nan.

1. Ta ina ciwon ke shiga?

Mutane da dama sun ɗauka daga waje ciwon ke shiga kunne. A'a, galibi daga ciki yake fitowa. Can cikin kunne akwai wata ƴar fata siririya, kamar fatar ganga. Ita ake kira dodon kunne. Bayanta akwai wani ɗan ɗaki mai iska a ciki. Daga ɗakin nan akwai wata ƴar hanya da ta gangaro har bayan hanci, kusa da maƙogwaro.

Hanyar nan a wurin babba doguwa ce, kuma ta gangara ƙasa. A wurin ƙaramin yaro gajera ce, kuma kusan a kwance take. Idan yaro ya yi mura, hanyar ta kumbura ta toshe. Ruwa ya taru a ɗakin, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ruwan ya zama mugunya. Mugunyar ta riƙa tura dodon kunne. Zafin da yaro ke ji ke nan. Shi ya sa ciwon ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 2.

2. Yaya uwa za ta gane?

Yaron da ya iya magana zai ce kunnensa na ciwo. Wanda bai iya ba, jikinsa ne zai faɗa. Ga alamu:

Yana jan kunne ko yana murza shi.
Yana kuka, musamman da dare idan an kwantar da shi.
Ya kama nono ya saki yana kuka, don haɗiya na ƙara masa zafi.
Jikinsa da zafi.
Ana kiransa ba ya waiwayowa da sauri kamar da.
Ruwa ko mugunya na fita daga kunne.

A nan akwai abin lura. Ran da mugunya ta fito, sai yaro ya daina kuka, zazzaɓi ya sauka, ya yi barci. Sai a ce alhamdu lillahi, ciwo ya fashe, ya warke. Bai warke ba. Dodon kunne ne ya huje. Ƙofa ta buɗe ke nan, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan an kula, aka sha magani, kunne ya bushe, hujin kan rufe da kansa cikin ƴan makonni. Idan aka yi sakaci, kunne ya yi ta zuba wata da watanni, jin yaro ya ragu. Yaron da ba ya ji sosai ba ya saurin magana. In ya shiga lakwal ko makarantar allo, a ce ba ya da kai, alhali kunne ne.

3. Ciwon iri uku ne

Ma'aikatan lafiya suna da tsarin duba yara wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shirya. A tsarin nan an raba ciwon kunne kamar haka:

Na ɗaya, sabon ciwo. Kunne na zafi, ko yana zubar da mugunya amma bai kai kwana 14 ba. Ana ba da amoksisilin na kwana 5, da farasitamol saboda zafi.

Na biyu, tsohon ciwo. Mugunya ta kai kwana 14 ko ta fi. Wannan ana busar da kunne kullum, a ɗiga wani magani na musamman wanda likita ke ba da shi, har kwana 14.

Na uku, kumburi a bayan kunne. In an taɓa yaro ya yi ƙara, wani lokaci har kunnen ya turo gaba. Ciwo ya kai ga ƙashi ke nan. Wannan ba na gida ba ne. Babban asibiti za a kai shi a ranar.

Saboda haka tambayar farko da majo zai yi miki ita ce: “Kwana nawa ke nan?” Ki ƙidaya tun daga gida.

4. A je likita kafin tafiya, ba bayan an dawo ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce: “Bari mu je mu dawo tukuna.” Tafiyar da aka ce ta kwana 3 ce ta zama ta kwana 10. Sabon ciwo ya zama tsoho.

Ranar da kika ga alama, ranar za ki kai shi CSI mafi kusa. Ki tafi da takardarsa ta awo. Ki gaya wa majo za ku yi tafiya, rana kaza, wuri kaza, kwana kaza. Idan jikin yaro da zafi, za a ɗan soki yatsarsa a gwada ko zazzaɓin sauro ne, don ciwo biyu kan haɗu a jiki ɗaya. Za a auna nauyinsa, don da nauyi ake yanke yawan magani. Abin da aka ba wansa mai shekara 4 ba shi za a ba mai wata 10 ba.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati. Duk da haka wani lokaci magani kan yanke, a rubuta maka takarda ka saya a farmasi. To, maigida, cikin kuɗin tsaraba ka ware wani abu saboda haka. Yara masu ciwo mai tsanani kuwa akan tura su asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin kula da yara tun 2005.

5. Lagwanin kunne

Idan kunne na zuba, ga yadda ake busar da shi:

Ki wanke hannu da sabulu.
Ki samu tsumman auduga mai tsabta mai laushi, ki murza shi kamar lagwanin fitila.
Ki sa shi a bakin ramin kunne a hankali, kada ki tura da ƙarfi.
In ya jiƙe ki cire, ki sa wani, har kunne ya bushe.
Ki yi haka sau 3 a rana. Wanda aka yi aiki da shi a ƙone.

Ga kuma abin da ba a yi. Ba a ɗiga man shanu, ko man gyaɗa, ko ruwan albasa, ko nono, ko turare. Ba a sa tsinke, ko ashana, ko gashin kaza. Ba a toshe kunnen da auduga a bar ta ta wuni. Wajen wanka a kiyaye kada ruwa ya shiga. Kada a bar yaron ya yi iyo a tabki. Maganin ɗigawa na masu talla a kasuwa ko a tasha, shi ma a'a. Akwai maganin da in ya bi ta hujin dodon kunne yana iya kashe ji gaba ɗaya.

6. A tafi ko a fasa?

Ana iya tafiya idan an cika waɗannan: likita ya duba yaro, ya fara shan magani ya samu kamar kwana 2, zazzaɓi ya sauka, yana shan nono yana cin abinci, yana wasa. Ƙarin ƙa'ida: a san akwai likita kusa da inda za a.

A ɗaga tafiya idan har yanzu jikinsa da zafi, ko yana kwana kuka, ko bai fara shan magani ba. Kwana 2 ba su hana zumunci.

A fasa tafiya, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ba ya iya shan nono ko ruwa.
Duk abin da ya sha sai ya amar.
Yana jijjiga.
Ya yi laushi, da ƙyar ake tashinsa.
Bayan kunne ya kumbura.
Wuyansa ya sanƙare, ko maɗigarsa ta taso.
Jinjiri ne da bai kai wata 2 ba, kuma jikinsa da zafi ko kunnensa na zuba.

Maganar wuya ba ta wasa ba ce a ƙasarmu. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, an ƙidaya mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce abin ya fi shafa. Lokacin hunturu ne, lokacin da ciwon kunne ma ke yawa. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kada a tsaya ana cewa ai kunne ne.

7. Magana a cikin gida

Wani lokaci ba sanin ciwon ne da wuya ba, faɗa wa manya ne. A karanta wannan hira, mutum uku su raba muryoyi:

Uwar yaro: Malam, yaron nan jiya bai runtsa ba. Ina ganin mu kai shi likita kafin mu kama hanya.

Maigida: Yanzu fa? Na riga na yi magana da direba, gobe da asuba ne.

Kaka: Haba ɗiyar nan, ciwon kunne ne kawai. Ɗumama man shanu ki ɗiga masa. Da shi muka reni ubansa.

Uwar yaro: Gaskiyarki Inna, kun ga jiya kun ga yau. Amma majo ya ce in kunnen ya huje, mai ƙara ɓata shi yake. Ki yi haƙuri a bari a duba shi.

Maigida: To shi ke nan. Ɗauko takardarsa, in nemo kabu-kabu. Inna, ku yi gaba da sauran yara, ku ba su haƙuri. In ya samu sauƙi, ma biyo ku jibi ko gata.

Kaka: Allah ya ba shi lafiya. Ku dai hanzarta kafin rana ta yi.

Ku lura, ba wanda ya ɗaga murya. Biki bai ɓaci ba, yaro kuma ya samu magani.

8. Guzurin mai ciwon kunne

Idan an yarda a tafi, uwa ta haɗa waɗannan cikin jakarta ta hannu, ba cikin kayan da za a ɗaure bisa mota ba: maganin yaro duka, cokalinsa na awo, lagwani masu tsabta cikin leda, sabulu, ruwan sha mai kyau, takardar awo, da hula mai rufe kunne saboda iska da ƙura.

A ɓoye magani daga rana. A nema wa uwa wuri cikin mota, nesa da taga da masu shan taba. A riƙa ba yaro nono a kai a kai, don haɗiya na taimaka wa ƴar hanyar nan ta buɗe. Farasitamol kada ya wuce sau 4 a yini da kwana, tsakanin kowane awa 6.

Babban abu shi ne a ƙare magani. A gidan biki hankali kan rabu, a manta. Yaro ya samu sauƙi ran na uku, a ce ya isa, a ajiye saura don wata rana. Ciwon sai ya dawo, kuma ya fi na farko wuyar magani. A ɗaura shan maganin da lokacin salla: bayan Asuba da bayan Magariba, in sau 2 aka ce. Ran kwana na 5 a sake kai shi a duba, ko da a garin baƙunci ne. Idan kwana 2 ko 3 suka wuce ba sauƙi, kada a jira na biyar.

9. Rigakafi

A ba jinjiri nono zalla har wata 6. A cika masa alluran rigakafi. Tun 2014 aka ƙara wata allura cikin rigakafin yaran Nijar, mai kare su daga ƙwayar cutar da ke kawo ciwon huhu, wadda kuma tana cikin masu kawo ciwon kunne da wani irin sanƙarau. Ta ƙyanda kuma ana yin ta a wata 9, don bayan ƙyanda kunne kan zuba. A nisanta yaro da hayaƙin murhu da na taba. Kada a yi masa ɗura yana kwance. A riƙa share masa hanci idan yana mura.

Tambayoyi

1. Me ya sa ciwon kunne ya fi kama ƙananan yara?
2. Mugunya ta fito, yaro ya daina kuka. Ya warke? Ku yi bayani.
3. Kwana nawa kunne ke zuba kafin a ce ciwon ya tsufa?
4. Ku faɗi abu 4 da ba a sa wa a kunne.
5. Ku faɗi alamu 3 da ke sa a fasa tafiya.

Lissafi

An ce a sha magani sau 2 a rana har kwana 5. Sau nawa ke nan duka? In an fara ran Litinin da safe, wace rana za a ƙare?

Rubutu

Kowa ya rubuta cikin littafinsa sunan CSI mafi kusa da garinsu. Ya rubuta kuma wannan jimla sau 3: A kai yaro likita kafin a kama hanya.