Hannun Jarin Kamfanonin Sola da Iska: Abin da Ke Tsare Rabon Riba da Abin da Ke Yanke Shi

Wata magana ta yi yawa a bakin masu sha'awar zuba jari a 'yan shekarun nan, musamman a zaurukan WhatsApp da bidiyoyin masu kiran kansu malaman harkar kuɗi, cewa wai duk wanda ya sayi hannun jarin kamfanin da ke samar da wutar lantarki daga hasken rana ko iska ya samu kuɗin shiga na har abada, tunda rana ba ta ƙarewa, iska kuma ba a sayen ta da ko sisin kwabo. Maganar tana shiga kunne domin farkonta gaskiya ne, amma hukuncin da aka gina a kanta ba shi da tushe, kuma tarihin kasuwa na shekaru goma da suka wuce ya ƙaryata shi sau da yawa. Rabon riba, wato kason kuɗin da kamfani ke bai wa masu hannun jarinsa daga abin da ya samu, galibi duk wata uku a Amurka ko sau ɗaya ko biyu a shekara a Turai, ba albashi ba ne kuma ba bashi ba ne a wuyan kamfanin. Hukumar daraktoci ce ke yanke shawara a kansa, kuma tana da ikon rage shi ko dakatar da shi a zama ɗaya ba tare da ta karya wata doka ba.

Abin da masu yaɗa maganar suke tsallakewa shi ne yadda ake gina tashar. Tashar da ke ƙona iskar gas tana kashe kuɗi kullum wajen sayen abin ƙonawa, ita kuwa gonar sola ko ta injinan iska kusan duk kuɗinta ana kashe shi ne kafin ta samar da wuta ko ta kwan fitila ɗaya, kuma mafi yawan wannan kuɗi aro ne daga bankuna da masu sayen takardun lamuni. Lamarin kamar na wanda ya gina gidan haya da bashin banki ne: 'yan haya suna biya kowane wata, amma banki ne ke fara ɗaukar nasa, sai mai gyara da mai karɓar haraji, abin da ya rage a ƙasan kwano shi ne na mai gida. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, saboda haka farashin bashi ya fi zafin rana tasiri a kan abin da zai shiga aljihunsa.

An ga haka ƙarara lokacin da Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a watan Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a watan Yulin 2023. Kamfanin Ørsted na Denmak, wanda ke kan gaba a duniya wajen kafa injinan iska a cikin teku, wanda kuma gwamnatin ƙasar ke riƙe da fiye da rabin hannun jarinsa, ya soke manyan ayyukansa biyu na gaɓar jihar New Jersey a ƙarshen 2023 saboda tsadar bashi da tsadar kayan aiki, sannan a watan Fabrairun 2024 ya sanar da dakatar da rabon riba na shekaru uku. A 2025 kamfanin ya koma ga masu hannun jarinsa yana neman su ƙara zuba kuɗi har kurona biliyan 60, ma'ana mutanen da suka shiga don a riƙa ba su, su aka koma ana nema a wurinsu. Iska ba ta daina kaɗawa a tekun ba ko na rana ɗaya cikin wannan lokaci.

Darasin ma ba sabo ba ne. Tun wajen 2013 manyan kamfanoni suka shiga kafa wasu ƙananan kamfanoni a ƙarƙashinsu, waɗanda aikinsu shi ne su sayi tashoshin da uwar kamfani ta gama ginawa, su riƙa karɓar kuɗin wuta, su raba kusan duka ga masu hannun jari. Da yake ba su ajiye komai, duk wata sabuwar tasha sai an ci bashi ko an sayar da sabon hannun jari kafin a saye ta, kuma wannan tsari yana tafiya ne muddin farashin hannun jarin yana sama kuma bashi yana araha. Kamfanin SunEdison, wanda ya kafa irin waɗannan ƙananan kamfanoni biyu masu suna TerraForm, ya durƙushe a watan Afrilun 2016 da bashin biliyoyin daloli a kansa. Shekaru bakwai bayan haka NextEra Energy Partners, wanda aka daɗe ana kawo shi a matsayin misalin tsarin da ya yi nasara, ya rage alkawarin ƙarin rabon ribarsa a watan Satumban 2023, sannan a watan Janairun 2025 ya canza suna zuwa XPLR Infrastructure ya kuma dakatar da rabon gaba ɗaya domin ya fuskanci basussukansa.

A nan ne gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci yake, kuma shi ne wanda sababbin masu jari suka fi ƙin ji. Adadin da manhajar dillali ke nunawa kusa da sunan kamfani, kamar kashi 4 ko kashi 12 cikin ɗari, ana samun sa ne ta hanyar raba ribar da aka biya a shekara da farashin hannun jarin na yau. Idan hannun jari na dala 100 yana biyan dala 4, adadin kashi 4 ne. Idan farashin ya faɗo zuwa dala 40 saboda manyan masu jari sun hango matsala suna ta sayarwa, adadin zai koma kashi 10 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Wanda ya buɗe manhaja ya jera kamfanoni daga mai babban adadi zuwa mai ƙarami, ya zaɓi na sama, sau da yawa ya zaɓi wanda kasuwa ta riga ta yanke ƙauna daga gare shi ne, kuma kallon kitse yake yi wa rogo. Gab da lokacin da NextEra Energy Partners ya dakatar da biya, adadin nasa ya kai kimanin kashi 20 cikin ɗari, kuma akwai masu ƙaramin jari da suka ruga suka saya saboda wannan adadi kaɗai. Duk lokacin da adadin wani kamfani ya ninka na takwarorinsa, wajibi ne a ɗauka cewa ana shirin yanke rabon, har sai bincike ya tabbatar da akasin haka. Adadin yana ba da labarin abin da aka biya jiya, ba ya ɗauke da alkawarin gobe.

Bayan bashi sai mai sayen wutar. Yawancin waɗannan tashoshi suna sayar da wutarsu ne bisa yarjejeniya ta shekaru 15 zuwa 25 a kan farashin da aka tsayar, kuma darajar yarjejeniyar ba ta wuce ƙarfin aljihun wanda ya sa mata hannu. Lokacin da kamfanin rarraba wuta na PG&E a jihar Kalifoniya ya shiga kotun fatara a watan Janairun 2019 saboda diyyar gobarar daji, kamfanin Clearway Energy, wanda tashoshinsa ke aiki lafiya lau, ya rage rabon ribarsa na wata uku daga kimanin senti 33 zuwa senti 20, domin kuɗin da ke fitowa daga tashoshin da ke sayar wa PG&E wuta ya maƙale. Mai karatu a Najeriya bai buƙaci dogon bayani a kan wannan ba, domin a 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, wato NBET, ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 don gina tashoshin sola na sama da megawat 1,000, da yawansu a jihohin Arewa inda rana ta fi ƙarfi, amma ayyukan suka tsaya a kan taƙaddamar farashi da lamunin biya. Gwamnatoci kuma suna sauya ra'ayi: Sifaniya ta zaftare tallafin da ta yi wa masu sola alkawari tsakanin 2010 da 2014, Amurka kuma ta ba da rangwamen haraji mai yawa a dokar 2022 sannan ta taƙaita shi a wata dokar ta watan Yulin 2025.

Akwai wani abu da ba ya cikin wannan babi sam, amma dole a ambace shi saboda sunan da yake ara. Manhajojin da ke cewa mutum ya "sayi faifan sola" ko ya "ɗauki hayar injin iska" da naira dubu goma, a riƙa zuba masa riba kowace safiya, a ƙara masa lada idan ya kawo mutane uku, ba su da tasha, ba su da hannun jari, kuma kuɗin sabon shiga suke biyan tsohon shiga da shi. Babu kamfanin wutar lantarki a duniya da ke raba riba kullum. Abin takaici ne a ga cewa bayan damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a watan Afrilun 2025, har yanzu malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar da ba za su sayi buhun masara ba tare da sun soke shi sun duba ba, suna tura kuɗin fanshonsu zuwa asusun wanda ba su taɓa gani ba saboda hoton faifan sola a waya. Dokar zuba jari ta Najeriya ta 2025 ta haramta irin wannan damfara ƙarara, sai dai gargaɗin hukumomi yakan zo ne da Turanci, kuma yakan zo bayan kuɗi sun tafi. Ya kamata kuma a san cewa kamfanonin wuta biyu da suka yi suna a kasuwar hannun jari ta Najeriya, Geregu Power da aka sa a kasuwar a 2022 da Transcorp Power a 2024, iskar gas suke ƙonawa, yayin da kamfanonin da ke gudanar da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ba a sayar da hannun jarinsu a can. Saboda haka mai neman wannan nau'in jari kusan dole ya nufi kasuwannin waje.

Wanda ya ƙudura yin haka zai fara ne da rahoton shekara na kamfanin, ya nemi shafin da ke nuna shiga da fitar tsabar kuɗi, ya kwatanta abin da ya rage bayan biyan kuɗin ruwa da gyaran tashoshi da abin da aka raba wa masu hannun jari. Idan rabon yana cinye kusan duk abin da ya rage, ko kuma ana cin sabon bashi don a biya shi, to rabon ba zai daɗe ba. Daga nan sai jadawalin bashi, wanda ke nuna shekarar da kowane bashi zai cika da ko kuɗin ruwansa tsayayye ne ko mai hawa da sauka, sai kuma yawan shekarun da suka rage a yarjejeniyoyin sayar da wuta da sunayen masu sayen. Kamfanonin da suka fi jure wahala galibi su ne waɗanda suka haɗa iska da rana da madatsun ruwa, wasu har da layukan rarraba wuta, irin su Iberdrola na Sifaniya da Brookfield Renewable, ko NextEra Energy, uwar kamfanin XPLR, wadda ta yi sama da shekaru 25 tana ƙara rabon riba a jere, kuma babban ginshiƙinta shi ne kamfanin rarraba wutar jihar Florida da hukuma ke tsara masa farashi. Adadin irin waɗannan ba ya burge kowa, kuma ambatonsu a nan ba umarnin saye ba ne. Ko da su, bai dace kamfani ɗaya ko ɓangaren makamashi kaɗai ya ɗauke mafi yawan jarin mutum ba.

Lissafin abin da zai iso hannu shi ma ana yawan ɓoye shi. Amurka tana cire kashi 30 cikin ɗari na rabon riba a matsayin haraji daga baƙin da ƙasarsu ba ta da yarjejeniyar haraji da ita, kuma Najeriya ba ta da wannan yarjejeniya. Jarin dala 1,000 a kamfani mai biyan kashi 4 zai kawo dala 40 a shekara, a cire 12, saura dala 28, kafin kuɗin dillali da na canji. Mai son dala 100 kowane wata a kan wannan lissafi yana buƙatar jarin da ya haura dala 42,000. Gaskiya ne cewa samun kuɗi da dala ya kare waɗanda suka riƙe shi lokacin da naira ta faɗi daga kimanin 460 a farkon watan Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, amma wannan ribar canji ce, kuma tana iya juyawa. Mai ƙaramin jari zai fi amfana idan ya riƙa mayar da rabon ribarsa cikin sayen ƙarin hannun jari tsawon shekaru goma ko fiye, bayan ya ware kuɗin abinci da na makaranta da na asibiti, waɗanda ba su da wurin zama a kasuwar hannun jari.

Ga mai kiyaye hukuncin Shari'a akwai ƙarin mataki. Samar da wuta sana'a ce halastacciya, amma ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain ya sharɗanta kada bashin da ke da kuɗin ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa, kuma da yake wannan ɓangare a kan bashi aka gina shi, kamfanoninsa da yawa ba sa tsallake ma'aunin. Sakamakon tantancewar yana sauyawa idan farashi ya sauya, don haka ana sake dubawa lokaci zuwa lokaci, a kuma nemi fatawar malamin da ya san fiƙihun mu'amala da tsarin kasuwar. Dillalin da za a bi ta hannunsa kuwa, a fara neman sunansa a jerin masu rajista da hukumar SEC ta Najeriya ke wallafawa a shafinta na intanet, a tambaye shi a rubuce wane kamfani ne a waje ke ajiye hannun jarin, da sunan wa aka rubuta shi, da kuma yadda magada za su karɓe shi idan mai shi ya rasu.