Lissafin Mai Tun a Ƙasa Ake Yin Sa

'Ya'yana, na ji wasunku a nan Bagwai suna da burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Na yi murna ƙwarai, Allah Ya cika muku buri. Amma ku ba ni kunnuwanku.

Mai ban-ruwa a bakin dam ɗin Watari, in fetur ya ƙare masa a inji, jarka zai ɗauka ya shiga gari. Matuƙin jirgi ba shi da wannan gata. Shi ya sa matuƙin ƙaramin jirgi yakan buɗe tankin da ke cikin fiffike ya auna da idonsa, domin agogon mai yakan yi ƙarya. Sai ya tsiyayi kaɗan a kwalba ya ɗaga wa haske, ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Ƙa'ida ta ce ya riƙe rarar man da zai kai shi minti 30 da rana, 45 da dare, bayan wanda zai kai shi inda ya nufa.

Kada ku raina wannan rarar. Ranar 26 ga Yuni, 1991, jirgin kamfanin Okada ya nufo Kano, yanayi ya ɓaci, aka juya shi Sakkwato. Mai ya ƙare masa kafin ya sauka, ya faɗi a wajen gari, aka rasa rayuka. Babban jirgi ke nan, ina ga ƙarami mai inji ɗaya? Ku da kuka san hazon hunturu, kun san filin sauka kan ɓace wa ido.

Ku kuma tuna marigayi Gwamna Danbaba Suntai na Taraba. Ranar 25 ga Oktoba, 2012, ya tuƙo ƙaramin jirgi samfurin Cessna daga Jalingo, ya faɗi kusa da Yola. Masu bincike sun ɗora laifin a kan ƙarancin ƙwarewa da tafiya bayan faɗuwar rana. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 2017. Allah Ya kyauta namu ƙarshen.

Ajali na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. In lissafi bai cika ba, ko duhu ya gabato, ku ce ba za a tashi ba, ko da mai gidan ne ke gaggawa. In kuna sama kuka ga mai yana ja baya, ku faɗa wa hasumiyar fili nan take, ku sauka a fili mafi kusa. Babu kunya a cikin wannan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.