DARASIN LAFIYA: ALLURAR ZAZZAƁIN SAURO DA ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

'Yan uwa fatake da dillalai. Darasinmu na wannan fitowa a kan yaranmu yake, ba a kan shanu ba, amma da shanu za mu fara.

Dattawanmu sun san bushiya. Ciwo ne da yake share garke cikin 'yan kwanaki, ya bar mai dukiya da sanda kawai. Da me aka ci ƙarfinta? Da allura, shekara bayan shekara, tun daga babban gangamin da aka soma a 1962, har a 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya. To, abin da muka yarda da shi ga saniya, ai ɗanmu ya fi cancanta.

Nan ƙasarmu Burkina Faso, a garin Nanoro, Farfesa Halidou Tinto da abokan aikinsa, tare da masanan Jami'ar Okusfod ta Ingila, suka gwada wata allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21. Sun fara a 2019 da yara 450 'yan wata 5 zuwa 17. Sakamako ya fito a 2021: a rukunin da ta fi yi wa aiki, ta rage kamuwa da kashi 77 cikin 100 a tsawon shekara guda. Aka sake gwada ta a kan yara 4,800 a Burkina da Mali da Kenya da Tanzaniya, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoba 2023. Akwai yayarta, RTS,S, wadda aka amince da ita tun 2021, kuma da ita gwamnati ta buɗe rigakafin yara a Kudugu ran 5 ga Fabrairu 2024.

Mu lura da abu uku.

Na ɗaya, allurar sau huɗu ake yin ta, ta farko yaro na da wata 5. Wanda ya yi ɗaya ko biyu ya tsaya, ya yi rabin ciniki.

Na biyu, 77 ba 100 ba ne. Yaro zai iya kamuwa ko da an yi masa. Don haka gidan sauro na nan daram, haka ma maganin da ma'aikata ke rabawa gida-gida da damina.

Na uku, in jiki ya yi zafi, a kai shi likita ran nan a gwada jini. Tun 2016 gwamnati ta ɗauke kuɗin jinyar yaran da ba su kai shekara 5 ba.

Kun san halin sana'armu. Yau muna kasuwar Puytenga, gobe Fada Ngurma, jibi mun bi mota sai Kumasi ko Abijan. Ranar allura ta zo, maigida ba ya nan, uwargida kuma tana jiran izini. Haka yaran Zango da yawa ke tsallake rana. Saboda haka kafin mu ɗaura jaka, mu duba karnen yaro, mu bar kuɗin mota, mu ce da bakinmu: "Ko ba na nan, a kai shi."

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwa, amin.