Fuwwar Daji da 'Yan'uwanta

Marinan ƙasar Hausa da baba su ke rini, su sami shuɗi. Marinan Turai da na ƙasashen Larabawa kuwa, a zamanin dā, in suna son ja, sai su nemi saiwar wani tsiro da Larabawa su ke kira fuwwa. A kan shuka shi a gona, a jira kamar shekara uku, sa'an nan a tone saiwar, a shanya, a daka. Amma akwai wata fuwwa da ba mai shuka ta, ita ce fuwwar daji. Tana fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, da kudu maso yammacin Ingila, cikin shinge da duwatsun gaɓar teku. Masana suna kiranta Rubia peregrina, ta gona kuwa Rubia tinctorum.

Fuwwar daji ba ta iya tsayawa da kanta, sai ta bi jikin wani itace ta hau. Karanta kusurwa huɗu gare shi, ga ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa baya, da su ta ke riƙe abin da ta hau. Ganyenta suna fitowa huɗu zuwa shida a gaɓa guda, su kewaye kara kamar tauraro. Furenta ƙanana ne, tsakanin kore da rawaya, 'ya'yanta kuwa in sun nuna baƙaƙe ne masu ruwa, ba su kai ƙwayar gujiya ba.

To, duk wannan kama ta gona ma tana da ita, ga shi kuwa rininsu ba ɗaya ba ne. Saiwar ta gona kauri gare ta, jan da ta ke bayarwa ja ne wur. Ta daji siririya ce, launinta bai kai wancan ƙarfi ba. Marinin da ya ruɗe ya yi asarar zane da wahala. Saboda haka sai a duba ganye. Na daji kauri gare shi kamar fata, kore ne shar mai sheƙi, jijiya ɗaya tak a ke gani sosai a tsakiyarsa. Na gona ya fi taushi da haske, in an juya bayansa sai a ga jijiyoyi sun sarƙe kamar taru. Lokacin sanyi ma ya kan raba gardama: ta gona ta kan bushe, sai saiwa ta rage a ƙasa, ta daji kuwa tana nan da ganyenta shekara duka.

Akwai kuma wata ciyawa da ta fi ruɗin yara, masana na kiranta Galium aparine. Ita ma kara mai kusurwa huɗu, ita ma tana maƙale wa tufa. Amma ganyenta sirara ne, shida zuwa takwas a gaɓa. Furenta fari ne mai kunne huɗu, na fuwwa kuwa galibi biyar. 'Ya'yanta busassu ne, bibbiyu, masu gashi mai ƙugiya, suna kama riga kamar ƙarangiya. Wanda ya sami ɗa baƙi mai ruwa, ba ita ya samu ba.

Abin mamaki, waɗannan tsire-tsire danginsu ɗaya da gahawa, da gauɗe, da giyayya, da tafashiya. Ganyen tafashiya biyu ne a gaɓa, suna duban juna, da wani ɗan kunne a tsakaninsu. A jikin fuwwa ma ganyen gaske biyu ne, kunnuwan nan ne su ka girma har su ka saje da ganye.

A 1868 wasu masana biyu a Jamus, Graebe da Liebermann, su ka gano yadda za a haɗa jan fuwwa ba da saiwa ba. Cikin 'yan shekaru noman fuwwa ya faɗi a Faransa da Holan. Ta daji kuwa, da ma ba ta jira manomi ba, tana nan cikin shinge.

Tambayoyi
1. Yaya a ke bambanta fuwwar daji da ta gona lokacin sanyi?
2. Waɗanne itatuwa ne na ƙasar Hausa dangin fuwwa?
3. A samo reshen tafashiya, a nuna ɗan kunnen da ke tsakanin ganyensa.