Darasi na 9: Alkawarin Baiko

Ba sai an koya muku bayarwa ba. Duk wanda ya tashi a ikkilisiyar Lutheran, ko a Numan, ko Demsa, ko Guyuk, ko Shelleng, ya san baikon Lahadi, ya san zakka, ya san ranar godiyar kaka da ake cika gaban majami'a da dammunan dawa da buhunan masara da kaji. Kun san inda kuɗin yake tafiya: albashin fasto da na mai bishara, gyaran rufi, taimakon gwauraye da marayu. Bayan da Dokta Bronnum, likita daga ƙasar Denmak, ya sauka a Numan a 1913, an daɗe ana samun taimako daga waje. Yau ikkilisiya ta girma, ɗawainiyarta kuma a wuyanmu take.

Hali ɗaya ne ya sa aka rubuta wannan darasi, shi ne alkawarin baki a gaban taro. Ranar gidauniyar gini ana kiran sunaye da lasifika, mata na guɗa, ana tafi. Sai mutum ya miƙe ya ambaci abin da bai taɓa riƙewa ba. Kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka.

Ga yadda akan kwashe a gida bayan irin wannan taro. Uwargida tana tuƙa tuwo, maigida ya shigo yana fara'a.

"Maigida, da gaske ne abin da na ji a lasifika? Buhu 5?"

"Ai kin ji da kunnenki. Har tafi aka yi mini."

"Na ji tafin. Ina buhunan?"

"Suna gona mana. Ba ki ga yadda masarar bana ta yi kyau ba?"

"Na gani. Na kuma san a bakin kogi take. Ka manta 2022, da ruwan Binuwai ya shafe gonar nan, ko mudu ɗaya ba mu ɗauko ba?"

Maigida ya ja kujera ya zauna. "Haba, Maman yara. Maƙwabcinmu ya ce buhu 4. So kike in zauna shiru ana kallona?"

"Bara ma buhu 4 ya ce. Ka je ka tambayi ma'aji ko ya ga ƙwaya ɗaya."

Ta ajiye muciya, ta wanke hannu, ta ɗauko littafinta na ajin yaƙi da jahilci. Ta buɗe shafin baya, ta matso da fitila.

"Duba nan, ni na rubuta. Bara buhu 10 muka samu. Buhu 1 zakka. Buhu 6 na ci, shi ma da ƙyar ya kai mu sabuwar masara. Buhu 2 muka sayar saboda kuɗin makarantar yara. Buhu 1 ya tafi bashin taki. Nawa ya rage?"

Maigida ya ƙirga da yatsu. "Babu."

"To daga ina 5 za su fito? Ko ka kwashe abincin yara, ko ka ci bashi da ruwa."

"Allah zai kawo."

"Allah yana kawowa, Maigida. Shi ne ya kawo goman nan. Shi ne kuma ya ba mu hankalin ƙirga su. Da ka juyo ka kalle ni kafin ka miƙe, da na girgiza maka kai."

Tuwo ya huce a daren nan ba wanda ya ci da daɗi.

Ɓarnar ba a gida kaɗai take tsayawa ba. Sakatare ya rubuta alkawura, kwamitin gini ya haɗa jimla, aka karɓo siminti bashi, aka ta da bango. Kaka ta wuce, rabin abin da aka faɗa bai shigo ba. Damina ta sauka a kan gini babu rufi. Ma'aji ya koma bin gida-gida kamar mai karɓar haraji. Wanda ya yi alkawarin kuwa ya fara zama a bencin baya, daga nan ya daina zuwa sujada saboda kunya. Ikkilisiya ta rasa rufi, ta kuma rasa mutum. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu maimaita wannan kowace shekara. Idan aka tuna musu, sai su yi dariya su ce ai kowa haka yake yi. Ba kowa ba ne! Akwai tsohuwar da ke kawo mudunta ɗaya duk wata ba fashi, ba a taɓa kiran sunanta da lasifika ba, da irin nata ake ciyar da mai bishara. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka.

Shirya baiko tun daga gida ba sabon abu ba ne. A wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, sura 16, Manzo Bulus yana tara gudummawa domin masu bi na Urushalima. Ya umarci kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada a tsaya tarawa sai ya iso. Martin Luther kuma, wanda ikkilisiyarmu take ɗauke da sunansa, ya tashi a 1517 yana yaƙi da sayar da takardun gafara. Alherin Allah ba na sayarwa ba ne, babban alkawari ba ya ƙara wa kowa matsayi a wurinsa. A 1523 mutanen garin Leisnig a Jamus, da shawarar Luther, suka kafa akwatin jama'a. Kowane gida yana sa nasa a shekara daidai ƙarfinsa. Akwatin yana da makullai 4 a hannun mutane dabam-dabam, ana zaɓen mutum 10 kowace shekara su kula da shi, su ba da lissafi a gaban jama'a. Daga ciki ake biyan fasto da malamin makaranta, ake taimakon matalauta. Mu ma haka ya kamata: mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, a ba da rasit, a karanta rahoto.

Sauran abin mai sauƙi ne. Manomi ya jira hatsi ya shiga rumbu, ya ƙirga, ya ware. Mai albashi ya ware ran da aka biya shi. Mai sayar da ƙosai ko kifi ta ware duk ƙarshen mako a asusu ko ambulan. Miji da mata su zauna tare su yanke. Wanda yake so ya bar wa ikkilisiya fili ko gona bayan ransa, ya faɗa wa 'ya'yansa tun yana da lafiya, a rubuta, shaidu su sa hannu.

Ranar da aka kira sunanka a taro, kana da amsa mai mutunci: "Zan yi shawara da iyalina, in kai wa ma'aji amsa a rubuce." Masu ƙunƙuni su yi ta yi, ba su za su biya maka ba. Hatsin da ke gona bai zama naka ba tukuna, haka ma kuɗin da kake sa ran ɗanka zai aiko daga Yola ko Abuja. Kada ka yi alkawari da su.

Kafin aji na gaba, kowa ya ja layi a tsakiyar shafi. A hagu ka rubuta abin da ya shigo gidanka a watan jiya, a dama abin da ya fita. A ƙasa ka rubuta abin da za ka iya warewa duk wata ba tare da cin bashi ba. Ka karanta wa iyalinka kafin ka kawo shi aji.