Darasi na Tara: Damawa da Mata a Hukumomin Tsaro da Wanzar da Zaman Lafiya

9.0 Gabatarwa

Aikin malamin Hausa bai tsaya ga nahawu da adabi ba. Sau da yawa shi ake kawo wa takardar gwamnati a ce ya fassara, ko ya yi wa jama'a bayaninta a gidan rediyo. A wannan darasi za a dubi manufar Nijeriya game da sanya mata cikin harkokin tsaro da zaman lafiya, sannan a nazarci kalmomin da suka dace a isar da ita ga Bahaushe.

9.1 Asalin Manufar

A ranar 31 ga Oktoba, 2000, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da Ƙuduri mai lamba 1325. Ƙudurin ya lura da cewa mata da yara ne suka fi ɗanɗana kuɗar yaƙi, amma in an zo zaman sulhu ba a cika ganin mace a wurin ba. Saboda haka ya nemi ƙasashe su dama da mata wajen yanke shawara, su kare su daga cin zarafi, su yi rigakafin rikici, su kuma kula da bukatunsu wajen raba agaji da sake tsugunar da jama'a.

Nijeriya ba ta fitar da nata shirin aiwatarwa ba sai a 2013, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya. Ba a yi shekara ba aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok, a watan Afrilun 2014, abin da ya nuna cewa shirin bai yi tanadin da ya isa ba game da tayar da ƙayar baya. Shiri na biyu, na 2017 zuwa 2020, ya shigar da wannan batu, ya kuma nemi jihohi su tsara nasu. Kafin waɗannan akwai Manufar Ƙasa kan Jinsi ta 2006, wadda ta nemi a ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai.

9.2 Yadda Abin Yake a Hukumomi

An fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Nijeriya a 1955. To, amma ɗaukar ta zo da sharuɗɗan da ba a gindaya wa maza ba. Ƙa'ida ta 124 ta wajabta wa 'yar sanda neman izinin kwamishina kafin ta yi aure, ta 127 kuwa ta ce a sallami wadda ta yi ciki ba ta da aure. Kotu ce ta soke ta farkon a 2012, wata kotun ta soke ta biyun a 2023. Ɗalibi ya lura cewa rundunar ta fitar da manufarta kan jinsi tun 2010, duk da haka waɗannan ƙa'idoji suna nan a rubuce sai da aka kai ƙara. Ke nan rubuta manufa daban, gyara dokar da ake aiki da ita kullum daban.

A ɓangaren soja, Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna ta karɓi rukunin farko na mata da za a horar a matsayin hafsoshin fagen fama a 2011. Rundunar sojan ƙasa ta kafa sashen mata a 2018.

Wani zai ce, mene ne ruwan tsaro da jinsin ma'aikaci? A ƙasar Hausa amsar a fili take. Matar da aka yi wa fyaɗe ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa namiji baƙo abin da ya same ta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Gidan da ake kulle kuwa, namiji ba ya shiga haka kawai. Lokacin da Boko Haram ta riƙa ɗaura wa 'yan mata bama-bamai a arewa maso gabas, sai da aka nemi mata su tsaya a ƙofofin kasuwanni da sansanonin 'yan gudun hijira domin binciken 'yan'uwansu mata.

9.3 Zaɓen Kalmomi

A nan ne mai fassara ke tuntuɓe. Akan ji ana cewa "shigar da mata", akan kuma ji "damawa da mata". Ba ɗaya suke ba. Wanda aka shigar yana iya zama a bakin ƙofa, a ƙirga da shi, ba a tambaye shi komai ba. Wanda ake damawa da shi kuwa hannunsa na cikin ƙwaryar, kamar yadda asalin kalmar ya nuna a damun fura. Abin da ƙudurin ke nema shi ne na biyun, domin maganarsa a kan yanke shawara take. A ganina, duk fassarar da ta tsaya ga "shigarwa" ta rage wa manufar rabin nauyinta.

Haka kuma a dubi sunayen ma'aikatan. Ɗafa-goshin "ɗan" da "'yar" ya sauƙaƙa mana: ɗan sanda, 'yar sanda. Kalmar "soja" kuwa, da yake ararriya ce, sai an ƙara mata "mace" kafin a gane. "Jakadiya" ta fi su duka tarihi: a fada ita ce mai kai saƙo tsakanin sarki da matan cikin gida, yau kuma ana kiran wakiliyar ƙasa a ƙetare da wannan suna. Malami na iya kafa hujja da ita ga mai cewa sanya mace a tsakani baƙon abu ne.

9.4 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin "tsaro" da "sulhu" da "zaman lafiya", tare da misali ɗaya-ɗaya a cikin jimla.
2. Rubuta sanarwar rediyo da ba ta wuce layi goma ba, kana kiran 'yan matan garinku su nemi aikin ɗan sanda. Ka yi la'akari da cewa iyayensu ma suna saurare.