Filin Shawara: Madubi Ya Cinye Kuɗina, Zomo Ya Ƙi Faɗuwa

Malam, a Ingila nake zaune, kuma na shiga wani kulob na wasan harbi da bindigar iska, inda ake kafa allunan ƙarfe masu siffar zomo ko kurege cikin kurmi. In ka sami ɗan ramin tsakiya sai allon ya kife. Abokina da ya riga ni shiga shi ya sa na sayi madubin bindiga mai ɗan karen tsada, wai irin nasa ne sak, har ya kwafa mini lambobin nisa daga faifan madubinsa zuwa nawa. Allunan kusa ina kayar da su, na nesa kuwa ko ɗaya. Shi sai murmushi, wai in yi haƙuri. Haƙurin me, Malam? Gumina ne fa. Mutumin da muke ci kwano ɗaya! Anya ba da gangan ya ba ni lambobin banza ba don kada in wuce shi? In mayar da madubin, ko in sayi wanda ya fi shi?

Mai karatunku, daga Ingila

Ɗan'uwa, ka cika takarda da abokinka, ba ka gaya mini sunan madubin ba, balle irin harsashin da kake sawa. Amma kalma ɗaya ta ishe ni: ya kwafa maka.

A wannan wasa, wanda aka fara a Ingila a farkon shekarun 1980, ba a gaya wa maharbi nisan allo. Yana iya zama yadi 10, yana iya kaiwa 55, ramin kuma faɗinsa milimita 15 ne zuwa 40. Shi ya sa ake son madubi mai girmama abu har sau 50: kana juya faifan gefe har hoton ya fito tar, sannan ka karanta nisan a jikinsa. To, inda hoto ke fitowa tar ya danganta da idon mai kallo da yadda ya daidaita gilashin da ke kusa da idonsa. Ko madubai biyu 'yan kamfani ɗaya ba lallai su yi daidai ba. Ka ari tabaran wani kana mamakin rubutu ya dushe.

Dalilin da na nesa kaɗai ke ba ka kunya shi ne bindigar ba ta da ƙarfi sosai, ƙa'ida ta tsayar da ita a jul 16 da ɗoriya. Bayan yadi 40 harsashin dalmar nan sauka yake da sauri, kuma a nan ne lambobin faifai ke cunkushewa. Kuskuren yadi biyu ya isa ka bugi ƙarfe a ƙasan rami.

Zancen sayen wani madubi kada ma ka sake tayar da shi. Sayi tef ɗin awo, ka ɓare lambobin nan, ka kafa kwali mai ƙananan rubutu yadi bayan yadi, ka sa alamarka da hannunka, kullum kana juya faifan ta fuska ɗaya. Rubuta yanayin ranar, don zafi da sanyi kan gusar da awon wasu madubai.

Zargin da ka ɗora wa abokinka kuwa ba ka da hujjarsa. Ranar awo shi za ka kira ya riƙe maka bakin tef.